Jijjigar Farfela a Motar Akori-kura: Dalilanta, Hanyar Gano Ta da Gyaranta

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Aujara, cikin Ƙaramar Hukumar Jahun ta Jihar Jigawa, ya san irin wahalar da motar akori-kura take sha a wannan yanki. Ita ce take kwaso buhunan gero da riɗi da zoɓo daga ƙauyuka, ta ratsa yashi da rani, ta ratsa taɓo da damina, sannan ta hau kwalta zuwa Dutse ko kasuwannin Gujungu da Shuwarin. Tun bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna cikin shekarar 1975, akori-kura ƙirar 404 da 504 suka zama jakunan manoman Arewa. Daga baya kuma Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan cikin 1968, ta shigo ta karɓi babban rabo na wannan aiki.

A ɗauka wani direba ne a Aujara yake da irin wannan mota. An sauya masa kuloci a gareji, kuma tun daga ranar, da zarar ya haura kilomita 70 a awa sai kujerarsa ta kama karkarwa, madubin cikin mota ya yi dishi-dishi, wani gunji ya riƙa tasowa daga ƙarƙashi. Ya je wurin mai faci, aka ce taya ce. Ya sayi sababbin tayoyi biyu da kuɗin da ya tara na wata guda, amma jijjiga tana nan daram. Wannan maƙala za ta bi diddigin irin wannan matsala, ta bayyana dalilanta ta fuskar kimiyya, sannan ta nuna yadda ake gano ta mataki-mataki kafin a kashe ko da kwabo.

Hanyar da Ƙarfin Inji Yake Bi

A yawancin akori-kura, inji yana gaba, amma tayoyin baya ne suke tura mota. Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan ya bi wani dogon bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota har zuwa aksil ɗin baya. Wannan bututu shi ne makanikai suke kira farfela.

Matsalar da masu ƙera mota suka fuskanta ita ce, giyabos a ɗaure yake da jikin mota, shi kuwa aksil yana kan sifirin, yana hawa yana sauka gwargwadon lodi da ramukan hanya. Don haka tilas farfela ta iya lanƙwasa daga bakunanta biyu, kuma ta iya ƙara tsawo ko ta rage. Lanƙwasawa aikin kuros ne, wato wani ƙarfe mai siffar gicciye, mai ƙafa huɗu, wanda kowace ƙafa tasa take sanye da hula cike da ƙananan allurai na ƙarfe da giris. Kuros yana zaune ne tsakanin ƙarafa biyu masu siffar gwafa. Ƙara tsawo kuwa aikin wani sashe ne mai haƙora, inda sanda take shiga cikin kube tana zamewa. A motoci masu tsawo akan raba farfela gida biyu, a tallafe ta a tsakiya da boris wanda aka naɗe da roba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ana danganta sunanta da Girolamo Cardano, likita kuma masanin lissafi ɗan ƙasar Italiya, wanda ya rayu daga 1501 zuwa 1576. Robert Hooke na Ingila ya yi nazarinta cikin shekarun 1670, kuma ya fahimci cewa idan aka lanƙwasa ta ba ta juyawa bai-ɗaya. Louis Renault na Faransa ya yi amfani da farfela a maimakon sarƙa a motarsa ta 1898. Sai kuma Clarence Spicer na Amurka, wanda ya sami rajistar kuros mai rufi cikin 1903, ya fara ƙera shi don sayarwa cikin 1904. Abin da Hooke ya lura da shi fiye da shekaru 300 da suka wuce, shi ne yake damun direbobi har yau.

Dalili na Farko: Nauyi Ya Rinjaya Gefe Guda

Yaron da yake wurwura majajjawa yana jin dutse yana fizgar hannunsa, kuma idan ya ƙara sauri fizgar tana ƙaruwa. Haka abin yake ga duk wani abu mai juyawa da nauyinsa ya rinjaya gefe guda. Ƙarfin fizgar ya dogara ga abubuwa uku: nauyin abin, nisansa daga tsakiya, da saurin juyawa. Sai dai saurin juyawa ya fi sauran tasiri, domin idan aka ninka shi sau 2, fizgar tana ninkuwa sau 4; idan aka ninka shi sau 3, tana ninkuwa sau 9.

Ga misali. A ce taɓo mai nauyin giram 30 ya bushe a jikin farfela, santimita 4 daga tsakiyarta. Idan mota tana gudun kilomita 40 a awa, farfela tana juyawa kimanin sau 1,200 a minti, kuma fizgar wannan ɗan taɓo ta yi daidai da nauyin kilo 2. A kilomita 80 fizgar takan kai kusan kilo 8. A kilomita 120 kuwa takan kai kilo 17. Wato ke nan abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, yana dukan kuros da boris da ƙarfin kilo 17, sau 60 a kowane sakan.

Saboda haka ne kamfani yake auna kowace farfela a na'ura, ya manna mata ƙananan faifan ƙarfe don daidaita nauyinta. Idan ɗayansu ya ɓalle, ko bututun ya loɓa saboda dukan kututture ko tudun yashi, ko aka yanke shi aka yi masa walda da ido kawai, daidaiton ya tafi.

Dalili na Biyu: Kwana da Jeri

Wannan shi ne dalilin da ido ba ya gani. Idan kuros yana aiki a lanƙwashe, ɓangaren da ke shigo da ƙarfi yana juyawa da sauri ɗaya, amma ɓangaren da ke karɓa yana yin sauri ya sassauta, sau 2 a kowane juyi guda. Girman wannan hawa da sauka ya dogara ga adadin da masana lissafi suke kira kosain na kwanar. Idan kwanar digiri 3 ce, saɓanin bai kai kashi 1 cikin 500 ba. Idan ta kai digiri 10, ya zama kashi 1.5 cikin 100. Idan kuwa ta kai digiri 30, ya kai wajen kashi 15 cikin 100.

Hikimar sanya kuros biyu ita ce na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla. Lokacin da farfela ta yi sauri, kuros na baya sai ya rage, lokacin da ta sassauta sai ya ƙara, ta yadda aksil zai sami juyi santala. Amma wannan ba ya yiwuwa sai an cika sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, kwanar kuros na gaba da ta na baya su zama daidai, bambancinsu kada ya wuce kimanin digiri 1. Na biyu, gwafar da ke bakin farfela na gaba da wadda ke bakinta na baya su kasance a jere, suna fuskantar wuri ɗaya. Masu ƙera kuros suna kuma ba da shawarar a tsare kwanar ƙasa da digiri 3 idan ana son ya yi ƙarko, amma kada ta zama babu sam, domin ɗan lanƙwasa kaɗan ne yake sa allurai su motsa giris ya zagaya.

A nan ne al'adar ƙara wa sifirin ganye take shigowa. Direba yana son mota ta ɗauki ƙarin buhuna, sai ya sa a ƙara ganye biyu ko uku, bayan mota ya ɗaga sama. A ce da can giyabos ya sunkuya digiri 3, farfela digiri 5, bakin aksil digiri 3. Kwanar gaba digiri 2 ce, ta baya ma 2, komai lafiya. Bayan an ɗaga mota sai farfela ta koma digiri 8, bakin aksil kuma ya kwanta ya koma 0. Yanzu kwanar gaba 5 ce, ta baya 8. Dukansu sun yi yawa, kuma sun saɓa da digiri 3. Haka nan idan sifirin ya gaji ya kwanta saboda lodin wuce kima, ko robar da giyabos yake zaune a kai ta mutu, kwana tana sauyawa.

Dalili na Uku: Cinyewar Kayan Aiki

Yashin Jigawa da ruwan damina abokan gābar kuros ne. Da zarar robar bakin hula ta tsage, ƙura ta shiga ta cakuɗu da giris, sai ta zama kamar dutsen wāshi. Allurai su cinye, kuros ya yi sako-sako, farfela ta daina juyawa a kan tsakiyarta. Wani lokaci kuma giris ne yake ƙarewa, kuros ya ƙame ya ƙi lanƙwasa. Haka robar boris na tsakiya takan tsage, haƙoran zamewa su cinye, notinan da suka ɗaure farfela da aksil su kwance.

Akwai kuma wani al'amari da yake rikita direbobi, wato jijjigar da takan zo a wani gudu na musamman, idan an wuce shi ta ragu. Kowane abu yana da saurin kaɗawarsa na halitta. Mai tura lilo ba ya bukatar ƙarfi da yawa, muddin yana turawa a daidai lokacin da lilon ya dawo. Idan bugun farfela ya dace da saurin kaɗawar jikin mota, sai ƙaramar jijjiga ta zama babba. Ita kanta farfela tana da gudun da idan ta kai shi takan fara lanƙwasa tana wurwurawa kamar igiyar tsalle, kuma idan aka ninka tsawonta sau 2 wannan gudu yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin raba doguwar farfela gida biyu ke nan.

Lissafin da Ke Raba Taya da Farfela

Tayar akori-kura mai faɗin santimita 70 tana cin kimanin mita 2.2 a kowane juyi. A gudun kilomita 80 a awa, mota tana cin mita 22 a sakan, wato taya tana juyawa sau 10 a sakan. Amma haƙoran cikin aksil suna rage juyi kimanin sau 4, don haka farfela tana juyawa sau 40 a sakan. Idan matsalar ta kwana ce ko ta jeri, bugun zai zama sau 80, tun da sau 2 yake zuwa a kowane juyi.

Jikin ɗan Adam yana iya bambance waɗannan. Bugu 10 a sakan girgiza ce da ake gani: sitiyari yana kaɗawa, kujera tana tsalle. Bugu 40 zuwa 80 kuwa karkarwa ce mai laushi haɗe da gunji, ana jin ta a tafin ƙafa da ƙasan kujera, kuma ita ce take sa madubi dishi-dishi. A yau ma akwai manhajojin wayar hannu da suke auna yawan bugu a sakan, kuma idan aka ɗora waya a daɓen mota aka kwatanta abin da ta nuna da wannan lissafi, sau da yawa mai laifi yakan bayyana.

Matakan Bincike

Mataki na 1 shi ne tambaya. Yaushe jijjigar ta fara? Wane gyara aka yi kafin nan? Tana zuwa ne da lodi ko babu lodi? Sau da yawa amsar tana cikin tarihin motar.

Mataki na 2 shi ne gwajin inji a tsaye. A sa mota a firi, a ja birkin hannu, a taka totur a hankali har inji ya kai irin juyin da yake yi lokacin jijjigar. Idan ta bayyana alhali mota ba ta motsi, to laifin na inji ne ko kuloci ko robobin da inji yake zaune a kai, ba na farfela ba.

Mataki na 3 shi ne gwajin hanya, a kan kwalta miƙaƙƙiya wadda ba cunkoso, ba tare da fasinja ba. A kai gudun da jijjigar take zuwa a giya ta huɗu, sannan a sake kai wannan gudu a giya ta biyar. Idan jijjigar ta tsaya a kan gudu ɗaya ko da an sauya giya, to tana bin juyin taya ne ko farfela. Sannan a sa firi na ɗan lokaci, ba tare da an kashe inji ba, domin birki da sitiyari suna dogara da shi. Jijjigar rinjayen nauyi ba ta damu da totur ba, tana nan ko an taka ko an ɗaga ƙafa. Ta kwana da jeri kuwa takan tsananta idan an taka totur ko ana hawan tudu da lodi, ta ragu idan an sa firi.

Mataki na 4 shi ne duba tayoyi: iska, kumburi, rim da ya lanƙwashe, taɓon da ya maƙale a ciki, da notina.

Mataki na 5 shi ne shiga ƙarƙashi. A tsayar da mota a wuri mai baje, a kashe inji, a tokare tayoyi gaba da baya, sannan a sa firi don farfela ta saki. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. A kama farfela kusa da kowane kuros a murɗa, a ɗaga a sauke. Kuros mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan. Jar ƙura mai kama da garin tsatsa a bakin hula alama ce allurai sun bushe. A nemi gurbin faifan daidaita nauyi da ya ɓalle, da loɓawa, da igiya ko leda da ta naɗe. A tsaya daga baya a hango ko gwafunan biyu suna a jere. Ƙarar "kas" lokacin sauya giya daga gaba zuwa baya, da kukan "ƙii-ƙii" a tafiyar hankali, duk alamun kuros ne.

Mataki na 6 shi ne awo. A auna sunkuyon giyabos da na farfela da na bakin aksil da ma'aunin kwana, ko da manhajar waya, mota tana ɗauke da irin lodin da ta saba. Idan har yanzu ba a ga komai ba, a kwance farfela a lanƙwasa kowane kuros da hannu, domin wanda ya ƙame ba ya nuna sako-sako. A kuma auna ko bututun ya karkace. Karkacewar da ta kusa milimita 1 a tsakiya ta isa ta kawo jijjiga.

Gyara

Kafin a kwance farfela, a yi alama da alli ko fenti a kan kowane mahaɗi, domin komai ya koma yadda yake. Kuros da ya cinye sauya shi ake yi, a tabbatar allurai ba su faɗi cikin hula ba, zobban da ke riƙe hulunan sun zauna, kuma ba a buga gwafa da guduma har ta buɗe ba. A ɗura giris har sabo ya ɓullo ta hulunan huɗu. Idan jeri ne ya saɓa, a zare haƙoran a mayar daidai. Kamfanoni da dama suna buga kibiya a ɓangarorin biyu don wannan dalili. Idan kwana ce, a gyara sifirin ko robar giyabos, ko a sa ɗan faifan ƙarfe mai siffar tsinin gatari tsakanin sifirin da aksil don juya bakinsa.

Ga ƙaramin rinjayen nauyi akwai tsohuwar dabara. A raba zagayen farfela gida 4 kusa da bakinta na baya, a ɗaura abin matse tiyo mai sukuru, kan sukurun yana kan alama ta farko, a gwada a hanya. A matsar zuwa ta biyu, ta uku da ta huɗu, a zaɓi inda jijjiga ta fi raguwa. Idan nauyin bai isa ba a ƙara na biyu, idan ya yi yawa a ware kawunansu kaɗan-kaɗan. Farfelar da ta loɓa kuwa, ko wadda aka yi wa walda a karkace, maganinta na'urar daidaitawa ko sauyi.

Komawa ga Motar Aujara

Da direban nan ya gaji, sai ya kai motar wurin wani dattijon makanike a Dutse. Bayan gaisuwa, makaniken ya ce, "Malam, me aka taɓa mata kafin ta fara?" Direba ya ce, "Wallahi Baba, kuloci kawai aka sauya." Makanike ya ce, "To, ai ba a sauke giyabos sai an cire farfela." Ya shiga ƙarƙashi ya hanga, sai ga gwafar gaba da ta baya sun saɓa. Ashe yaron gareji ne ya zare haƙoran zamewa ya wanke, ya mayar ba tare da alama ba, ya goce da haƙori biyu. Aikin minti 30 ya raba motar da jijjiga. Tayoyin da aka cire kuwa lafiyarsu ƙalau.

Kammalawa

Jijjigar farfela ba abin da za a saba da shi ba ne. Tana cinye boris da robar bakin giyabos da ta aksil, mai ya tsiyaye, ƙaramin gyara ya zama babba. Mafi muni kuma shi ne kuros na gaba ya tsinke mota tana gudu, domin bakin farfela yana iya faɗowa ya caki kwalta ya ɗaga bayan mota, ko ya fasa tankin mai, ko ya yanke bututun birki. A motar da ta ɗauko buhuna da mutane a samansu ranar kasuwa, wannan batu ne na rai. Rigakafi kuwa mai sauƙi ne: ɗura giris a kan kari, musamman bayan an ratsa ruwa, wanke taɓo daga ƙarƙashi, tsayawa kan lodin da kamfani ya ƙayyade, da yin alama kafin kwancewa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fanni tambaya da awo sun fi sayen kaya da ƙa araha.

Tambayoyi don Nazari

1. Wata mota tana da taya mai cin mita 2 a juyi, aksil ɗinta yana rage juyi sau 4.5. Sau nawa farfelarta take juyawa a sakan idan tana gudun kilomita 72 a awa?

2. Idan fizgar wani ɗan nauyi ta yi daidai da kilo 3 a gudun kilomita 50, nawa za ta zama a kilomita 100?

3. Giyabos ya sunkuya digiri 4, farfela digiri 7, bakin aksil digiri 2. Mece ce kwanar kowane kuros, kuma digiri nawa ya kamata a juya bakin aksil don su daidaita?